Barcin Ranar da Kika Tsara wa 'Yata

Zuwa ga Ustaza, Shugabar sakandaren 'yan mata da 'yata Nafisa take karatu a Omdurman.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce mahaifiyar Nafisa ta aji uku, wadda kika kora ranar Talata saboda ta yi gyangyaɗi a darasin lissafi. Kin ba ta takardar tsarin lokaci, kika ce kada ta dawo sai na sa hannu cewa haka take yini. Na karanta. Ma sha Allah, ban taɓa ganin yini mai daɗi irin wannan ba.

1. Kin rubuta barcin rana daga ƙarfe uku zuwa huɗu. Darasin ƙarin da kika wajabta ƙarfe uku yake tashi. A wannan sa'ar Nafisa tana tsaye cikin bas a kan gada, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a jaka. Ko za ki roƙi kwandasta ya shimfiɗa mata tabarma?

2. Huɗu zuwa biyar, nishaɗi da iyali. Lokacin tana tashar Suk al-Arabi tana kokawar shiga motar unguwarmu, Alhilla Kuku. Iyalinta a nan masu shayi ne da masu gyaɗa. Nishaɗin kuwa sai ranar da ta samu kujera.

3. Da magariba take shigowa, ta ci abincin rana, ta hau aikin malamai biyar. Ana idar da asuba ta fita. Ni ba na shagwaɓa yara. Wanke-wanke ma da na ɗauke mata, ba tausayi ba ne, wurin saka shi na rasa.

Ustaza, ni ma na yi sakandare, kuma ba a koya mana sa hannu a kan ƙarya ba. Jarrabawar fita ta matso, yarinya tana gida. Na san sa hannu ɗaya zai mayar da ita aji. Amma wadda ta ga uwarta ta yi shaidar zur don a buɗe mata ƙofa, me zan hana ta gobe?

Ina roƙon ki karɓe ta ranar Lahadi, farkon makon karatu, ba tare da takardar ba, kuma ki riƙa sallamar 'yan nesa da wuri. In hakan bai yiwu ba, zan rako ta mu zauna a bakin ƙofarki, ta yi karatunta a nan.

Allah Ya ƙara miki lafiya da basira, Ya tsare motarki daga lalacewa, kada ki taɓa sanin hanyar da ɗalibanki suke bi.

Wassalam.
Mahaifiyar Nafisa, Alhilla Kuku.