Na Hana Inna Roƙa Mini

Lahadi da dare, Doguwa.

Yau na yi abin kunya. Bayan sujada a coci, Inna ta sake miƙewa gaban matan zumunta, wai a sa littafina cikin addu'a. Shekara biyu yana hannun masu bugawa a Kano, shiru kake ji. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce, “Inna, ki bari haka, kina tona mini asiri!”

Ta zauna.

Sai a hanyar gida ta ce, “Rifkatu, shekara tara matan nan suna taya ni roƙon Ubangiji kafin na haife ki.”

Ga tuwon da ta zubo mini nan a rufe. Na kasa ci.