Waƙar da Baba Yake Wanke Mota da Ita

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Jiya na hau tasi zuwa Dokki, sai direban ya kunna waƙar Turawan nan masu jita, wadda marigayi Baba yake sawa in yana wanke mota, mu muna ta tiƙar rawa. Na fara kaɗa kai. Direban ya ce ai ba ta rawa ba ce, mawaƙin ya yi ta ne da ɗansa ya rasu.

Yaya, shekarar da muka rasa ƙanenmu Sani Baba ya sayo kaset ɗin. Shi kaɗai ke jin Turanci a gidan, kuma bai taɓa hana mu rawar ba.

Ki gaida Inna. A sa su duka biyun a addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi