Akuyar da Ta Cinye Shanya

Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin naki? Yaya zaman asibiti? Maigidanki ya ce likitoci sun hana ki tashi daga gado har sai kin sauka. Ki bi maganarsu don Allah, ban da taurin kan nan da kika gado a wurina. Allah Ya raba lafiya. Kin san ni da waya, rabin magana nake ji, shi ya sa na ɗauko biro, maigidan naki kuma zai kawo miki takardar.

Mutuniyar tawa, 'yar taki, tana nan ƙalau. Tana ci, tana wasa, sai dai da yamma takan tsaya bakin ƙofa ta yi shiru, in na tambaya ta ce ba komai. Daga nan sai ta jawo jakar littattafan da kika haɗo ta da su, ta haye cinyata.

To, Auta, su wane ne suke zana waɗannan littattafai? Na ƙare ƙuruciyata ina duba dabbobi, ban taɓa ganin irin wannan ɓarna ba. Jaki a kan keke na yafe, kyanwa da tabarau ma na yafe. Amma a zana saniya tana murmushi da haƙoran gaba na sama reras! Wanda ya taɓa buɗe bakin saniya ya san babu su. Na nuna wa mutuniyar, ta dube ni kamar na zagi ƙawarta, ta ce in ci gaba da karatu kawai. Kuma wai ban iya muryar agwagwa ba, Ummanta ta fi ni. Ni da na yi wa agwagi allura har na gaji!

Akwai wata magana. Maigidanki ya ce idan yarinyar ba ta sake ba, gwaggonta za ta zo ta tafi da ita gidansu, inda akwai yara. Na ce masa to, amma raina bai so ba. Tun rasuwar mahaifiyarki gidan nan ba ya motsi, yanzu kuwa da safe ƙarar ƙananan takalma ke tashe ni. Ki sa baki a bar mini ita.

Akwai sabon littafi ɗaya da ba mu buɗe ba, na akuya. Gobe za mu fara shi.

Babanki,
Likitan Awaki, kamar yadda kike tsokanata

Autata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin samu sauƙi, kuma hawan jinin ya sauka. Ki gaishe mini da ma'aikatan jinya.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi ɓarna, kuma da bakina na yi ta.

Mun buɗe littafin akuyar nan. Wata akuya ce mai kwaɗayi ta shiga gidan mai wanki ta bi igiyar shanya tana haɗiya: safa, ɗankwali, wando, har da zanen gado. Mutuniyar tana ta ƙyalƙyala dariya. Sai muka zo shafin da akuyar ta kwanta ƙafafu sama, ciki ya yi tulu. Ni kuwa da na ga gefen hagun nan ya taso, sai aikin ya motsa mini. Na sa yatsa a kan hoton na yi mata bayani tiryan-tiryan, cewa wannan shi ake kira kumburin ciki, kuma dabbar da cikinta ya kai haka in ba a gaggauta ba mutuwa take yi. Har da ba ta labarin wata tunkiya da aka kira ni a makare. Ta zame daga cinyata a hankali ta rufe littafin. Ni a zatona gajiya ta yi.

Tun ranar ba ta ƙara kawo mini littafi ba. Abinci sai ta tsakura ta ture. In na yi mata wasa ta juya mini ƙeya. Na duba idonta, na taɓa goshinta, ba zazzaɓi, na rasa gane kanta.

Jiya ina shara na tarar da littafin a ƙarƙashin gadonta, an naɗe shi da mayafinki. Da na buɗe, sai ga filasta an manna a kan cikin akuyar, a karkace, irin mannawar ƙaramin hannu. Ina tsaye da shi maƙwabciyarmu tela ta leƙo, ta ce dama tana son ganina. Wai yarinyar ta same ta a bakin keken ɗinki ta tambaye ta ko Ummanta ma kaya ta haɗiye, kuma ko an kira likita da wuri.

Auta, sai na zauna a bakin gadon. Yarinya ta ga an fita da uwarta da babban ciki zuwa asibiti, ni kuma na zaunar da ita na gaya mata abin da babban ciki yake yi. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa miki.

Maigidanki ya ga yadda ta rame, ya ce gwaggonta za ta zo ranar Asabar. Ba ni da bakin hanawa. Na wanke kayanta na ninke. Kada ki sa damuwa a ranki, ba ta da amfani ga jikinki, na dai ga bai kamata ki ji a bakin wani ba.

Babanki

Autata,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki? An ce jiya kin ci abinci sosai, na ji daɗi ƙwarai.

Ranar Asabar da safe na ce ko da za ta tafi, ba za ta tafi da wannan tsoro a ranta ba. Na hau kujera na sauko da tsohuwar jakar aikina daga kan kabad, na kakkaɓe ta, na sa farar rigata da yanzu maɓallanta ba sa haɗuwa a ciki. Na je ƙofar ɗakinta na yi sallama irin ta baƙo, na ce an aiko ni duba wata akuya, amma ba ni da mataimaki.

Ta daɗe tana kallona. Can sai ta durƙusa ta jawo littafin.

Na sa ta riƙe gefen shafin gam kada akuyar ta yi harbi. Na ɗora abin sauraren ƙirji a kan hoton, na ɗaure fuska, na ƙwanƙwasa cikin da yatsa. Na ba ta ita ma ta saurara. Sannan na sanar da ita cewa an kira mu a kan kari, wannan akuya gyatsa kawai take bukata. Na ce ta shafa mata ciki, ni kuma na saki wata gyatsa da ban san ina da irinta ba. Ta buɗe shafi na gaba da kanta.

Ashe abin da mai littafin ya zana ke nan! Akuya ta yi gyatsa, kaya suka yi tsalle sama, kamfai ya sauka a kan zakara, safa a kunnuwan jaki, ita kuwa ta miƙe garau tana hararar wata igiyar. Da na yi shiru ranar nan na juya shafi ɗaya tak, da duk wannan bai faru ba. Yarinyar nan ta yi dariya har shaƙuwa ta kama ta, ta ce a sake, muka sake, muka kuma sakewa.

A haka gwaggonta ta shigo ta same ni a rarrafe tsakar ɗaki, safa rataye a kunnena, ina kukan akuya. Baiwar Allah ta rasa inda za ta sa idonta. Da ta ce wa yarinyar ta ɗauko takalmanta, sai mutuniyar ta riƙe rigata ta ce ba za ta iya tafiya ba, tana bakin aiki, Kaka ba shi da wani mataimakin. Gwaggon ta zauna ta ga yarinyar ta cinye abincinta tas, ta yi waya da ɗan'uwanta, ta tafi ita kaɗai. Allah Ya saka mata, mace ce mai hankali.

Bayan ta tafi na zaunar da mutuniyar na gaya mata gaskiya: Ummanta ba ta haɗiyi komai ba, jariri ne a ciki, kuma an kira likitoci tun da wuri. Ta yi tunani, ta ce ita dai sai mun je mun auna ki da kanmu.

Saboda haka gobe lokacin ziyara za ki gan mu da jaka. Ki roƙa mini ma'aikatan jinya su riƙe dariyarsu in sun ga likitan dabbobi a bakin gadonki. Za ta ɗora abin sauraren a cikinki ta ji bugun zuciyar jaririn, daga nan ta miƙo mini. Na ce mata saboda ita za mu yi, amma tun ranar da aka kwantar da ke ni ma hankalina bai kwanta ba, Auta. Ina so in ji da kunnena.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sauke ki cikin sauƙi. Mutuniyar ta ce in gaishe ki, kuma ki tanadi gyatsa.

Naki har kullum,
Babanki