Kun Sulhunta Yara Biyu da Ba Su Yi Faɗa Ba

Zuwa ga Shugaban shirin "Mu Yi Wasa Tare" na yankin Isa da Sabon Birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar iyali da jajen farin da ya same mu baki ɗaya, ranka ya daɗe, kai ba ka da taubashi? Ina tambaya don in san ta inda za ni fara bayani.

Sunana Sanusi, daga Kamarawa. Ƙanena Ilu yana cikin yaran da kuke tarawa ƙarƙashin darbejiya kuna koya musu zama da mutane. Yaro ne mai in'ina. Kafin ku zo, in yara sunka taru wurin langa, shi yana bayan rumbu yana tonon ƙasa da tsinke, don in ya buɗe baki sai wani ya kwaikwaye shi. Malamarku ta hana kwaikwayon, ta koya musu jiran juna in ana magana. Wannan aiki ne mai kyau, kuma na faɗa tun da wuri don kar a ce ban gani ba.

Abu na farko. A cikin rukunin akwai Buba, ɗan Goggo Hajo ƙanwar babanmu, wadda ke aure a rugar da ke gabas da gari. Buba ɗan mace, Ilu ɗan namiji, taubasai ke nan. Tun suna rarrafe ba su taɓa gaisawa da "ina kwana" ba, da zagi suke gaisawa, yadda ake yi gidan kowa. Abin da ba ku sani ba, a duniyar nan Buba kaɗai ne mutumin da Ilu ke yi wa magana harshensa bai sarƙe ba. In zagin Buba ne, tiryan-tiryan yake fita.

Ranar da kunka kawo baƙi cikin farar mota, malama ta ce kowane yaro ya juya ya gaya wa na kusa da shi kalma mai daɗi. Ilu ya juya, ya ga Buba, ya ce: "Bawana, bana dai ka ji daɗi, an yi fari, babu mai matsa maka ka yi wanka." Buba ya ce: "Kai da gonarku da akuyarmu ta shiga ta fito tana kuka." Yara sunka kwashe da dariya. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ba a taɓa kowa ba, babu wanda ya ɓata rai sai baƙuwar da ta nemi a juya mata maganar.

Na biyu. Malamarku ta juya mata kalma bayan kalma, har da bawan, ta yi shiru a kan taubasantaka. Malamar nan 'yar Isa ce. Na taɓa jin ta bakin kasuwa tana ce wa ɗan kawunta mai kai kamar tulu. Ta sani sarai. Sai dai tsarin da kunka ba ta ya ce duk yaron da ya aibata wani da sana'ar gidansu a raba su, a kira iyaye, ga kuma baƙi suna kallo. Ta bi tsari. Ban zarge ta da yawa ba, aikinta take tsaro, kuma aiki bana ba abin wasa ba ne.

Sai anka maida Ilu rukunin Talata, Buba na Alhamis, anka aika wa babanmu da Baffa Sambo, uban Buba, su zo zaman sulhu. Mutanen nan biyu surukai ne. Shanun Baffa Sambo ke kwana gonarmu duk rani suna zuba mata taki, shi kuma ya kwashi kara. Anka shimfiɗa musu tabarma gaban mutane, anka yi musu wa'azi kan manomi da makiyayi, anka ce su ba juna hannu. Sunka ba juna hannu, anka ɗauki hoto. Tun daga ranar ba su sake magana ba.

Ranka ya daɗe, Bafillace ba a kiransa gaban jama'a a ce ɗansa bai da tarbiyya ya koma gida ya yi barci. Baffa Sambo ya cire Buba daga rukunin. Sauran gidajen ruga sunka bi shi. Yanzu rukunin da kunka kafa don ɗiyan manoma da na makiyaya su saba da juna ya zama na manoma zalla, kuma na ji an ce ana samun natsuwa ƙwarai.

Na uku shi ne ya sa na ɗauki biro. Labari ya shiga kasuwar Isa ya fito da ƙaho. Abin da ake faɗa yanzu har Turba shi ne ɗan manomi ya kira ɗan Fulani bawa gaban baƙi, sai da hukuma ta shiga tsakani. A shekarar da anka yi ruwa, da an yi dariya an wuce. Bana gero ya bushe bai fid da kai ba, rijiya ɗaya ta rage mai ruwa, kuma a bakinta garin da rugar ke haɗuwa. Kowa ya zo da guga da kunne. Goggo Hajo ta ɗebi ruwa gefen matar babanmu, ta ɗora tulu ta wuce kamar ta ga baƙuwa.

Shi kuwa Ilu ya koyi darasinku tsaf. Yana cewa "don Allah", yana cewa "na gode", in ya samu ya ƙarasa. Bai zagin kowa. Ranar Alhamis yakan je ya tsaya nesa da darbejiya ya duba ko an canza shawara, ya komo. Da na tambaye shi mi yake nema, sai da ya daɗe kan harafin farko na sunan yaron, sannan ya bari.

Ciyawa ta ƙare. Rugar na ɗaure kaya, za su yi kudu bayan kasuwa mai zuwa, kuma wanda ya tafi a irin wagga shekara ba a san ranar komowarsa ba. In sunka tafi da labarin nan yadda yake, haka zai zauna, yaran biyu su girma kowane yana jin an ce ɗayan ya ci mutuncin gidansu.

Ba takardar ban haƙuri nike nema ba, Baffa Sambo bai karatun boko, rijiya ma ba ta yi. A gaban mutane kunka yi sulhun, a gaban mutane za ku warware shi. Ka zo da kanka kafin su tashi, ka tsaya bakin rijiya da hantsi lokacin da kowa ke nan, ga mai gari ga arɗo, ka faɗa da bakinka cewa wasan taubasai ne, kuskuren naku ne. Ka maida yaran rukuni guda ko na yini ɗaya ne. In kuma kana ganin daidai kunka yi, nan ma ka zo ka faɗa, mu ji hujjarka tare da waɗanda abin ya faɗa wa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba mu damina mai albarka, ya kai masu tafiya lafiya. Muna bakin rijiya muna jiran amsarka.

Wassalam.

Sanusi, yayan Ilu,
Kamarawa.