Inna, Nasiru Bai Isa Yaye Ba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya kwanciya? Na san takardar nan ba mai kai miki ita, ko da kina da rai ma sai an karanta miki. Amma maganar ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ɗauki biro.

Yau wata biyu da kai ki makwancinki a Kaya. Gida lafiya. Yaya Lawali ya yanke geronki ya zuba a rumbu, akuyarki ta haifi biyu. Nan Damri ma lafiya, in ban da jikanki Nasiru, wanda kike tsokana da maigidanki. Watansa goma sha bakwai, har yau bai yarda da tuwo ko kunu ba, sai nono. Nonon kuwa tun ranar sadakar bakwai ɗinki yake janyewa, yaron duk ya zube.

Babu abin da kika koya min da ban yi ba. Kunun kanwa safe da yamma, har na tsani warinsa. Fura, kunun gyaɗa mai kauri, zogale. Na tsinko ganyen nonon kurciya a bakin rijiya na dafa da gero. Babansa duk Talata sai ya dawo daga kasuwar Mafara da ƙafar saniya, in yi farfesu in sha kamar sabuwar mai jego. Malamar asibiti ta duba ni ta ce damuwa ce kawai, in riƙa ɗora shi akai-akai, in sha ruwa, in huta. Ina ɗora shi, Inna. Ya kama, ya ja sau biyu, ya saki yana yamutsa fuska.

Shekaranjiya da hantsi na matsa ɗigo a tafin hannu na lasa. Ɗacin maɗaci ne sak, irin wanda kike jiƙawa ki shafa wa yayyena a nono ranar da za ki tafi da yaransu yaye. Ni ban ajiye maɗaci a gidan nan ba. Wa ya shafa min?

Kuma in ya saki ba ya kallona. Ƙofar zaure yake kallo, ya miƙa hannuwa biyu yana dariya, yadda yake yi in ya hango ki tafe da ƙullin kayanki. Rana tsaka, ba kowa a wurin. Jiya har ya taka ya je, ya tsaya yana ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai shirin hawa baya. Na fizgo shi na rungume.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da na zo duba ki kina kwance, kin ce duk jikokinki a ɗakinki aka yaye su, saura maigidanki, kina tsoron ba za ki kai ba. Don in faranta miki, na rantse da Allah ba mai yaye shi sai ke, ranar da ya cika wata goma sha takwas ki zo da kanki ki ɗauke shi. Kika sa na maimaita. Na ɗauka lallashin mara lafiya nake. Na manta ke ba ki taɓa sa rana kin saɓa ba.

Saura kwana tara.

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, na yi karatu daidai gwargwado. Na ciyar da mutum goma kaffarar rantsuwar. Amma ke, labari ya iske ki? Tsoro nake ji, Inna, tsoronki, ni da ban taɓa jin tsoronki ba.

Yaran da kika yaye, mako biyu suke yi ki goyo su ki maido wa iyayensu sun yi kumatu. Wannan fa, in kin ɗauka, ta wace hanya za ki maido min shi?

Ki yafe min alkawarin nan. Ina kewarki kamar raina zai fita, amma don girman Allah kar ki zo.

Allah ya kai haske kabarinki, ya sa barcinki ya yi nauyi.

'Yarki da ba ta gama shayarwa ba,
Saratu