Kukan Kawu Sale

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal, ya iyali? Mu nan Gaya lafiya lau.

Yaya, har yanzu jikina a sanyaye yake. Bincikena na digiri kan zaman ma'aikata da junansu ya kai ni wurin aikin Kawu Sale a Ajingi. Na tambaye shi wa yake gaya wa damuwarsa, sai ya fashe da kuka. Kawu mai barkwancin nan! Ya ce, "Tun da aka ƙara mini girma, in na zauna cin abinci, abokan aikina tashi suke yi. Hawan jinin nan da nake fama da shi ba gado ba ne, 'yata."

Ya yarda in faɗa maka. Don Allah kira shi, ka sa shi a addu'a. Gai da yara.

Ƙanwarka,
Rabi