Rawar da Auta Ya Ɗauka a Jikina

Talata, sha huɗu ga wata, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. A kan teburin ɗinkin Umma nake rubutu, domin nawa an are shi an kai wajen ɗaukar fim.

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zuwa shago da kanta, Baba ma yana nan ƙalau. Ni kuwa yau watana biyar da kwana tara da karɓar digiri. Na kai takardun neman aiki wuri goma sha ɗaya, biyu sun amsa, su ma haƙuri suka ba ni.

Maganar Auta ce ta sa na rubuto. Kin san halina in zan fita: in taɓa aljihun dama saboda makulli, na hagu saboda waya, na ƙirji saboda katin shaida, sannan in juya in sake girgiza ƙofa. To, Auta ya kwaikwaye ni a tsakar gida don ya ba Umma dariya, abokinsa ya ɗauka a waya ya ɗora kiɗa. Ita ce rawar Lalube da ta cika gari, har masu wankin mota na layinmu suna yi. Yanzu wani darakta ya gina fim a kanta, da kyamara ɗaya da waƙoƙi shida, a wani tsohon gareji, kuma Auta ne jarumi. Autan da na koya wa lissafi ya faɗi sau uku! In mun fita tare shi ake yi wa ihu, ni a miƙo mini waya in ɗauke su hoto.

Ranar Asabar na je garejin da takarda, na rubuta rana da wurin da abin ya faro, don a sa sunana a ƙarshen fim. Kafin in buɗe baki darakta ya zaci gwajin rawa na zo, ya sa kiɗa. Na yi yadda nake yi kullum. Ya kashe kiɗan, ya ce na cika sauri, fuskata kuma kamar wanda ya yar da makulli da gaske, in tsaya in kalli Auta in koya. Yaya, Auta yana tsaye yana shan ruwa abinsa. Sai a hanya ya dafa ni, wai kada Malam Digiri ya damu, zai roƙa mini gurbi a sahu na uku na masu rawa.

Ranar Juma'a za a rufe jerin sunaye. Maganarki kaɗai yake ji, don Allah ki kira shi kafin nan. Ki gaishe da maigidanki, da Gwaggo, da takwarar Umma da ƙannenta.

Ƙaninki na tsakiya.

Abubuwan da har yanzu ban sani ba: ko Auta ya taɓa gaya wa darakta gaskiya. Ko Umma za ta shaide ni, don na ji tana rera waƙar tana ɗinki. Sannan in an sa sunan nawa, me za a rubuta a gabansa: wanda ya ƙirƙiro rawar, ko wanda ake yi wa dariya?